Shaidar Maiturare

Maiturare ta daɗe a gidan Magajiya da ke bayan tashar mota a Daura, tun tana da ƙuruciyarta har furfura ta fara leƙowa ta gefen ɗankwalinta. Sunanta na yanka kusan babu wanda ya sani. Turaren wuta take haɗawa tana sayarwa da rana, shi ya ba ta suna, amma duk unguwar an san ba da shi take ci ba.

Ranar da aka rufe gidan ba a yi faɗa ba, ba a doki kowa ba. An tsaurara doka, dattawan unguwa sun kai ƙorafi, jami'ai suka zo da hantsi suka ce kowa ta kwashe kayanta kafin Juma'a. Magajiya tsufa ya riga ya cim mata, ta tattara ta koma wajen ɗanta a Damagaram. Sauran matan suka watse, wasu Zango, wasu Kano, wasu suka laɓe a lungunan Daura, kowacce da ɗakinta na haya da ƙaryar da ta yi wa mai gida.

Gaskiyar magana, tun kafin a sa wa gidan kwaɗo kasuwa ta mutu. An rufe iyaka, direbobin manyan motoci da ke kwana a tasha kafin su wuce Kwangwalam suka daina zuwa. Mai ya yi tsada, hatsi ya yi tsada, wanda ke da ɗan abin hannu ya riƙe abinsa. Maza suka ragu, mata kuwa suka ƙaru. Zawarawa, da matan da 'yan bindiga suka kashe wa maza a yammacin jiha, suna ta shigowa ba su san kan harkar ba, abin da aka miƙa musu shi suke karɓa.

Abin da Maiturare ta fi kewa ba cinikin ba ne, ƙofar nan ce guda ɗaya. A gidan, duk namijin da zai shiga sai ya wuce ta gaban Magajiya a zaure. In murya ta ɗaga a wani ɗaki, kafin ya ƙara kalma mata sun cika bakin ƙofa, wata da muciya, wata da taɓarya. Ma'aikatan lafiya sun san inda za su kawo kwaroron roba da gwaji. Yanzu komai ya koma waya. Namiji ne ke zaɓar wuri, kango ko gona ko cikin mota a bayan gari. Shi ke yanka farashi, in kin yi gardama ya ce zai kira a zo a kama ki, kuma ya san ke za a kama, ba shi ba.

Ita Maiturare ta yi sa'a ta sami ɗaki a bayan shagon maganin Uchechi, wata Inyamura da ta shekara ashirin a Daura, mijinta yana sayar da kayan gyaran babur. Uchechi ta san komai, ba ta taɓa tambaya ba. Sharaɗinta ɗaya ne, kada namiji ya taka tsakar gidan.

Wata safiya Maiturare tana daka sandal a ƙaramin turmi, wani manomi ya tsaya da babur a ƙofar shagon, ya ɗauko mace a baya tana jingine da shi. Ya ce a gefen gonarsa ya tsince ta, a hanyar Baure, ba takalmi ba mayafi, kuma sunan da take ta kira kenan, Maiturare.

Siddiƙa ce, ɗaya daga cikin sababbin. Shekarunta ba su kai talatin ba, 'ya'yanta biyu suna wajen uwarta a wani ƙauye can yamma. Idonta ɗaya ya kumbura ya rufe, hannun hagu yana lilo ta inda hannu ba ya lanƙwasa. Uchechi ta duba ta girgiza kai.

"Wannan ya fi ƙarfina. Karaya ce. Ku tafi asibiti."

"Za su tambaye ni, Madam," in ji Siddiƙa.

"Su tambaya," Maiturare ta ce. "Hannu ake magana."

Sai da aka ɗora hannun suka dawo, Siddiƙa ta kwanta a katifar Maiturare, sannan ta faɗi abin da ya faru. Mutumin ya kira ta jiya da yamma, ya ɗauke ta a babur. Da suka yi nisa da gari ya ce ba zai sa roba ba, kuma ba zai biya abin da suka yi magana ba. Ta ce to ya mai da ita. Shi ne ya rufe ta da duka, ya ƙwace wayarta, ya hau babur ya tafi.

"Kin san sunansa?"

"Yazid. Ya ce yana awon hatsi a kasuwar Zango."

Maiturare ta san Yazid sarai. Shekara da shekaru yana zuwa gidan Magajiya, ya cire takalmi a zaure, ya durƙusa ya gaida tsohuwar, wani lokaci har da ƙullin tsire. Ba a taɓa jin kansa da kowa ba. Wannan shi ya fi tsaya mata a rai, ba dukan kansa ba. Ashe duk ladabin nan na ƙofar ne da matan da ke bayanta.

Kwana biyu ta yi tana kiran tsoffin abokan zamanta ɗaya bayan ɗaya. Biyu suka kashe waya da jin sunan. Talatu, wadda suka fi shekara biyar ɗakunansu na kallon juna, ita ce ta yi magana. Ta ce ita ma ya yi mata, da damina, a wani kango. Ya shaƙe ta har ta ga duhu, ya tafi da wayarta.

"Me ya sa ba ki faɗa ba?"

"In faɗa wa wa, Maiturare? In je in ce ga abin da ya kai ni kangon? Ki bar maganar nan. Allah ya isa, shi kenan."

Maiturare ba ta bar ta ba. Ta yi tunanin zuwa ofishin 'yan sanda ita kaɗai, ta san tambayar farko da za a yi mata ita ce ke wace ce. Tana bukatar wanda in ya yi magana za a saurara. Mutum ɗaya ne ya zo mata a rai, kuma shi ne wanda ba ta so, Mai unguwa Sada, wanda ya jagoranci dattawan da suka sa aka rufe gidan.

Bayan la'asar ta sa dogon hijabi ta nufi ƙofar gidansa. Yana zaune a kan tabarma ƙarƙashin darbejiya, da mutane huɗu ko biyar. Da suka gane ta hira ta tsaya. Ta cire takalmi daga nesa, ta durƙusa.

"Ranka ya daɗe, barka da yamma."

"Yauwa. Lafiya?"

"Magana ce da ni."

"Ki shiga ciki ki gaya wa iyali, za su faɗa mini."

"A gafarce ni, ranka ya daɗe, ba ta cikin gida ba ce. Ta unguwa ce."

Wani daga cikin mutanen ya yi tsaki. Sada tsohon malamin firamare ne, siriri, ba mai yawan magana ba. Ya dube ta ta saman tabarau, ya ce ta faɗi.

Ta faɗi komai, ba ta ɓoye abin da ya kai Siddiƙa hanyar Baure ba. Da ta gama, mai tsakin ya ce ai wanda ya fita neman abu shi ya samu.

Maiturare ba ta kalle shi ba. Ta ce, "Ranka ya daɗe, ban zo neman a buɗe gida ba. Kun rufe, kuna da hujjarku. Amma mazan da ke zuwa gidan ba a rufe su ba, suna nan, kuma yanzu babu mai ganinsu. Yarinyar nan a unguwarka take kwance. In ta yi laifi akwai hukuncinta. Shi wanda ya karya ta fa?"

Sada ya gyara zama ya ce, "Kin san in maganar nan ta je gaba, ke ma ba za ki fita lafiya ba?"

"Na sani."

"Ki je. Zan zo in gani da idona."

Ba ta yarda zai zo ba. Washegari da safe sai ga shi a ƙofar shagon, yana sallama. Uchechi ta karya sharaɗinta ta shigo da shi tsakar gida. Ya tsaya a bakin ƙofar ɗakin, bai shiga ba, ya dubi fuskar Siddiƙa da hannun da ke rataye a wuyanta. Ya tambaye ta sunan garinsu. Da ta faɗa ya ce ya taɓa koyarwa kusa da can, shekarun baya, lokacin ana kwana a waje ba tsoro. Ya ce su shirya, shi zai raka su.

Da Mai unguwa a gaba, aka karɓi ƙarar. Manomin da ya tsince ta ya zo ya ba da bayani. Ranar kasuwar Zango aka je aka ɗauko Yazid daga gindin buhunansa, da aka bincika ɗakinsa aka sami wayoyin mata a cikin wata tsohuwar jaka, har da ta Siddiƙa. Ya ce saye ya yi. Aka ba da belinsa, aka sa ranar shiga kotu.

Maiturare ta ɗauka an gama mai wuyar. Ashe ba a fara ba.

Sati bai cika ba yayan Yazid ya zo, dattijo mai sanyin murya, da buhunan gero biyu a bayan a-kori-kura. Ya tsaya a waje ya aika a kira Siddiƙa. Ya ba da haƙuri, ya ce sharrin shaiɗan ne, ya ce za su biya maganin hannu, su kai ta har garinsu da geron. Abin da suke so kawai ta ce ta yafe, ta janye.

Siddiƙa ta dawo ɗaki ta zauna a bakin katifa. Ba ta iya ɗaga kai ba.

"Yaya, jiya na yi waya da Inna. Ta ce rabon yaran da tuwo tun shekaranjiya. Tafasa suke ci."

Akwai maganganu a bakin Maiturare, cewa gero zai ƙare, cewa zai yi wa wata. Ta dubi hannun yarinyar, hannun da ba zai yi aikin komai ba sai bayan watanni, ta haɗiye su.

"Ki karɓa," ta ce. "Amma ki sa su kai ki har ƙofar gida, kuma a sauke buhunan a gaban innarki."

"Kin yi fushi da ni."

"Ban yi ba. Tashi in ɗaure miki kayanki."

Ta raka ta har mota. Da ta dawo ta zauna a tsakar gida ba ta taɓa turmin ba har azahar. Uchechi ta kawo mata ruwa, ta ce ta yi iya ƙoƙarinta, ta bar wa Allah. Maiturare ta sha ruwan, ta ajiye kofin, ta ɗauki mayafi.

"Ina kuma za ki?"

"Wajen Talatu. Wayarta tana cikin jakar nan."

Talatu tana zaune a wani ɗan ɗaki kusa da rijiyar Kusugu, ta gaya wa masu gidan cewa wanki da guga take yi. Ranar farko ba ta buɗe ƙofa ba. Rana ta biyu ta buɗe ta zage ta, ta ce so take ta tona mata asiri ta bar ta a titi. Maiturare ba ta rama ba. Ta ci gaba da zuwa, wata rana da ƙosai, wata rana hannu sake, ta zauna ta taya ta ninke kayan mutane. Ba kullum take tada maganar ba. Wata rana Talatu da kanta ta ajiye dutsen guga ta ce har yanzu in ta kwanta sai ta ji hannunsa a wuyanta.

"In na tsaya a gaban alƙali, lauyansa zai tambaye ni sana'ata," ta ce. "A gaban mutane."

"Zai tambaya."

"To ke ki fara. Ki tsaya ki faɗi taki da bakinki, ina ji. In kin iya, zan iya."

"Na yarda."

Ranar shari'a ɗakin kotun ya cika, don labari ya zaga gari. Yazid yana zaune cikin farar shadda, bai kalli inda suke ba. Aka kira Maiturare a matsayin wadda aka kawo wa Siddiƙa da safiyar nan, kuma wadda ta san wanda ake ƙara tun da daɗewa. Ta ba da bayaninta. Lauyan Yazid ya miƙe, saurayi ne mai fara'a.

"Malama, kin ce kin san wanda nake karewa shekaru da yawa. A ina kika san shi?"

"A gidan Magajiya, bayan tasha."

"Me kike yi a gidan?"

"Zaman kaina nake."

"Ki yi wa kotu bayani yadda za ta gane."

"Karuwanci nake yi. Shi kuma yana zuwa. A nan muka san juna."

Ɗakin ya ɗauki guna-guni, sai da alƙali ya buga tebur. Lauyan ya ce to yaya kotu za ta yarda da maganar mace irinta. Maiturare ta ce ita ba ta san wannan ba, amma wayar da ke kan teburin can akwai mai ita a ɗakin nan, a ba ta ta buɗe.

Talatu ta taso. Aka jona wayar a caji, ta danna lambobinta, ta buɗe. Hoton ɗanta ne a fuskar wayar. Daga nan Talatu ta buɗe baki, ta faɗi abin da ya faru a kangon tun daga farko har ƙarshe.

Maganar Siddiƙa ta faɗi, tunda mai ita ta janye. A kan ta Talatu aka same shi da laifin duka da ƙwace, aka yanke masa 'yan watanni a gidan yari. Maiturare ta so ya fi haka. Amma ta ga lokacin da aka sa masa ankwa, ta ga abokan kasuwancinsa sun sunkuyar da kai sun fice ɗaya bayan ɗaya.

Abin da Sada ya faɗa bai daɗe ba ya iso. Abin da Maiturare ta furta a kotu ya zama hujja a kanta. Aka kira ta da Talatu, aka yi musu wa'azi mai tsawo, aka sa suka yi alkawari, aka ce in aka sake jin ɗuriyarsu kotu ce. Sada ya je ya tsaya musu, shi ya sa abin bai wuce haka ba. Masu gidan Talatu suka fitar mata da kaya a ranar. Mai ginin da Uchechi ke haya ya aiko cewa ko Maiturare ta tashi ko shagon ya tashi. Uchechi ta so ta yi rigima, Maiturare ta hana ta.

"Madam, kin yi mini abin da dangina ba su yi ba. Kada ki rasa shago a kaina."

Ita da Talatu suka koma Baure, suka kama ɗaki ɗaya a bayan kasuwa. Talatu ta ci gaba da wankinta, wannan karon da gaske. Maiturare ta sa faranti a bakin rumfar wata mai kayan miya tana sayar da turare da humra. Cinikin bai kai ya kawo ba. Wata rana a ci sau biyu, wata rana sau ɗaya, kuma akwai ranakun da wayarta ke ƙara ta duba lambar ta daɗe tana tunani kafin ta yanke abin da za ta yi. Ba kullum take ƙin ɗauka ba. Amma ba ta sake fita ba tare da Talatu ta san sunan mutum da inda za a je ba, kuma ta kan gaya wa mutumin cewa an sani. Wasu suna jin haka su kashe waya. Ta bar su su tafi.

Sannu a hankali maganar ta bazu tsakanin matan. Daga Zango, daga Daura, har daga bakin iyaka, mace za ta kira ta ce, Yaya, zan fita da wane, wuri kaza, in ba ki ji ni ba zuwa magariba ki neme ni. Maiturare ba ta iya karatu sosai ba, a ka take riƙewa. Sau ɗaya wata ba ta sake kira ba har magariba, Maiturare ta ɗauki ɗan acaɓa, ita da Talatu suka bi sawu har wani gidan gona, suka tsaya a waje suna ƙwala kiran sunanta da sunan mutumin har ya buɗe ƙofa.

Wata ranar kasuwa bayan girbi, tana jera kwalaben humra, wata mata ta tsaya a gabanta da goyo, da jaka irin ta buhu a hannu. Daga ganin ƙurar ƙafarta daga nesa ta fito. Ta ɗauki kwalba ɗaya ta shinshina ta ajiye, ta ɗauki wata.

"Ke ce Maiturare?" ta tambaya a hankali.

"Ni ce."

"An ce in na iso in neme ki."

Maiturare ta dubi matar, ta dubi yaron da ke barci a bayanta. Ta janyo benci da ƙafa.

"Zauna. Kin ci abinci?"

Matar ta girgiza kai. Maiturare ta ɗaga murya ta kira mai ɗanwake da ke tsallaken hanya, sannan ta juyo.

"Ki ci tukuna. In kin gama ki gaya mini abin da kika iya yi da hannunki, mu fara dubawa ta nan. In babu, akwai abubuwan da zan gaya miki, kuma sai kin saurara da kyau."